Izinin Inna Rabi

Sadiya, ke ce kika sa na zauna rubuta wannan babin, ko da yake ba ki roƙe ni ba. Ranar da muke dawowa daga Gwandu gaisuwar rasuwar kawunku Buhari, na ji ki a bayan mota kina gaya wa ƙannenki cewa Allah ya jiƙansa, amma ke har yanzu ba ki manta bai zo bikinki ba. To ga amsar yanzu, ke da Nura da Faruku ku karanta a tsanake. Abin da kuka sani shi ne wanda ake faɗa a tsakar gida ana tankaɗe, wai Mama ta je ta kunyata yayanta a gaban mazan gari saboda girgizar ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. Girgizar kam ba ta zo ba, alhamdu lillahi. Sauran maganar ce ke da gyara.

A shekarar ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a Kalgo, na kusa ajiye alli. Sai aka ji a rediyo cewa ƙasa ta ɗan motsa a wasu unguwanni can wajen Abuja, tagogi suka yi ƙara, mutane suka fito waje a firgice. Ba wanda ya mutu, amma zancen ya cika kasuwa. Da na shiga aji washegari ban samu na buɗe littafi ba, yara suka yi mini caa da tambaya. Wata ta ce kakarta ta gaya mata wani ƙaton sa ne ke ɗauke da duniya a ƙahonsa, in ya gaji ya sauya ƙaho sai ƙasa ta girgiza. Na yi dariya, na ce to a gaishe da san, sannan na koma gida ina jin kunyar kaina, don ni ma abin da na sani bai wuce layi huɗu na littafi ba. Ba a daɗe ba wani matashin malamin jami'ar nan ta Kalgo, wanda ya karanci ilimin ƙasa da duwatsu, ya tara mu malaman kimiyya na makarantun Kalgo da Gwandu. Siriri ne, mai yawan ba da haƙuri, ko kujera ya taka sai ya ce mata yi haƙuri. Ya nuna mana cewa ɓawon ƙasa ba guda ɗaya ba ne, kamar ƙwaryar da ta tsage aka ɗinke yake, kuma a wajen ɗinkin ake samun motsi. Bai ɓoye mana ba cewa yankinmu yana nesa da manyan wuraren ɗinkin, da wuya mu ga irin abin da ake nunawa a talabijin. Amma ya ce ko ƙaramin motsi ya ishi ginin ƙasa mai nauyin rufi, kuma ko babu girgiza, wace damina ce ke wucewa ba a ji bango ya faɗa wa mutane ba? Wannan maganar ce ta kama ni, don na san gidaje da sunayensu.

Muka koma makarantunmu da aiki. Yara suka kwaɓa laka suka gina ƙananan ɗakuna a kan faifai, wasu da kara a ɗaure a kusurwa, wasu haka nan. Da suka bushe sai mu girgiza faifan, aji ya kaure da ihu, kowa na addu'ar ɗakinsa ya tsaya. A nan suka ga da idonsu wanne ne ke fara rushewa, da kuma ta ina. Sai atisaye: a buga tsohon wilin motar da muke amfani da shi a matsayin ƙararrawa, kowa ya shiga ƙarƙashin benci ya rufe kansa, in an sake bugawa a fita a layi zuwa tsakiyar fili, nesa da bango. A gida kuwa, inda rufin ƙasa yake kuma ƙofa na kusa, muka koya musu su fita kawai, kada wanda ya tsaya neman takalmi. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar wannan zangon ba. Yaran da ke barci a darasin lissafi su ne kan gaba wajen kwaɓa laka.

Da yake ni 'yar Gwandu ce, sai aka ce in riƙa zuwa ina taimaka wa makarantar unguwarmu a ƙarshen mako. Ina sauka a gidanmu, wato gidan kawunku. Ku kun san shi da furfura da sanda, ba ku san shi a ƙarfinsa ba. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba, shi ya tsaya aka bar ni na yi karatun boko lokacin da baffanninmu suka ce ya isa haka. Malami ne na gaske, zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu, kuma bai iya hayaniya ba. In ransa ya ɓaci shiru yake yi, shirun da ya fi duka ciwo. Matarsa Inna Rabi kuwa ƙawata ce tun ranar da aka kawo ta, ni na fara ɗaga mata mayafi. Tun daga wannan ranar ba ta taɓa ƙetare bakin zaure ba sai da saninsa, ko asibiti ko gidan biki. Ba ɗaure ta ya yi ba, haka ta taso ta ga iyayenta, kuma tana alfahari da hakan.

Wata Asabar muna zaune tana gyaran shinkafa, ƙananan 'ya'yanta da jikokinta suna nuna mata atisayen da suka koya, suna rugawa waje suna dawowa. Tana ta dariya har da hawaye. Sai na dubi tsakar gidan da idon da malamin jami'a ya ba ni. Matsattsiya ce, dogayen katangu ta ko'ina, rumbu ta gabas, ga tsohon soron mahaifinmu. In wani abu ya faɗi babu inda mutum zai tsaya. Na tambaye ta, in ƙasa ta motsa Yaya ba ya gida, me za ta yi? Ta ce za ta kora yara waje. Na ce ita fa?

“Ni? In hita waje Malam bai nan? Ke dai Hajara ba ki rabuwa da neman magana. Sai in tsaya zaure in jira shi.”

Da wasa ta faɗa, amma na san har zuciyarta ne. Na gane cewa mun yi wata da watanni muna koya wa yara gudu, mun manta da iyayensu mata, waɗanda su ne ke wuni a ƙarƙashin rufin. Na bi gidaje ina tambaya, da sunan zumunci. Kusan duk inda ake kulle amsar ɗaya ce: a fitar da yara, a tsaya a zaure. Zauren kuwa a yawancin gidajenmu shi ne mafi tsufan gini, mafi nauyin rufi.

Na sami Yaya bayan la'asar, ɗalibai sun watse. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na gaya masa, na roƙe shi ya kira Inna Rabi ya ba ta izini tun yanzu, da bakinsa, cewa in bango ya motsa ko wuta ta tashi ta fita ba sai ta jira kowa ba. Ya saurare ni har ƙarshe, yana murmushin nan da yake yi wa ɗalibin da ya kawo tambaya mai sauƙi.

“Hajara, wanga ba sabon abu na ba. Lalura ta halatta hita, ƙaramin ɗalibi ma ya san haka. Wa za ya ce mace ta tsaya gini na faɗuwa? Izinin da shari'a ta riga ta bayar, mi za ni ƙara mishi?”

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya sa gardamar ta yi wuya. Na ce masa ban musa ba, amma hukuncin yana cikin littattafansa, ita kuwa shekara da shekaru ƙafarta ta saba tsayawa a bakin zaure, kuma a lokacin firgici mutum abin da ya saba yake yi. Shi ya sa muke sa yara maimaitawa. Ya ce iyalinsa ba 'yan makarantata ba ne. Ya ɗauki butarsa, maganar ta ƙare a nan. Na sake gwadawa sau biyu a makonnin da suka biyo baya, har na aika babanku, wanda suke ɗasawa da shi. Babanku ya dawo ya ce sun sha shayi sun yi hirar farashin taki, da ya kawo zancen sai Yaya ya tambaye shi lafiyar gonarsa ta Wurogauri.

Sai ranar taron iyaye da malamai ta zo. An yi shi a harabar makarantar unguwarmu, maza a kan tabarmi a gaba, liman da mai unguwa a kujera, mata kaɗan tsofaffi a can baya. Yara suka girgiza faifansu aka yi ta mamaki, malamin jami'a ya yi bayani, liman ya ce neman tsari daga abin da zai cutar ba ya karo da tawakkali. Komai na tafiya lafiya lau, ana shirin addu'a. Ni kuwa na san in aka tashi haka an tashi ke nan, matan na zaure. Na nemi izini na miƙe. Na faɗi abin da na ji a gidaje, na roƙi kowane magidanci ya koma gida ya furta izinin da bakinsa. Wani dattijo ya ce ba a yi macen da za ta tsaya ba, in kawo misali in da gaske nake. Nan ne wurin da har yau ake ganin laifina. In na ambaci gidan wani, na kunna wutar da ba zan iya kashewa ba, kuma na ci amanar matar da ta gaya mini. In na yi shiru, an mai da ni mai ƙirƙira. Sai na ce a gidan da aka haife ni na fara jin wannan amsar.

Ban kama sunan kowa ba, ban zagi kowa ba, ban ce an zalunci kowa ba. Amma a Gwandu wa bai san gidan da aka haife ni ba? Na ga kawuna suna juyawa wajen Yaya. Bai ɗago ba. Ya jira aka shafa fatiha, ya sa takalmansa ya tafi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya liman ya yi magana a kan abin, ya ce furta izinin ba ya rage wa namiji komai. Magidanta da yawa suka yi, wasu da dariya, wasu matansu suka yi musu tsiya cewa dama ana jira. A gidanmu ba a yi ba. Da na zo Asabar, Yaya ya amsa gaisuwata da kalma ɗaya ya ci gaba da karatu. Inna Rabi ta sa mini abinci ta zauna nesa, ta ce da na san haka zan yi da ba ta buɗe baki ba. Wannan ya fi yi mini ciwo. Daga ranar na koma sauka a gidan wata abokiyar aikina.

Kun tambaye ni a lokacin me ya sa ba a je Gwandu da Sallah ba, na ce muku ƙafata ke ciwo. Ƙafata lafiyarta ƙalau. Sai bikinki ya zo, Sadiya. Ya aiko da buhun shinkafa da rago da turamen atamfa, ya aiko 'ya'yansa maza duka, amma shi bai zo ba, kuma Inna Rabi ba ta nemi zuwa ba don ta ga fuskarsa. Kin yi kuka a ɗaki, na ji ki. Ni ma na yi nawa a banɗaki, inda ba mai ganina, na wanke fuska na fito ina raba goro. Ina so ki fahimci abu ɗaya. A wajensa, ƙanwar da ya tsaya mata a gaban baffanni ita ce ta miƙe a gaban ɗalibansa da sa'anninsa ta nuna cewa bai san abin da ke cikin gidansa ba. Bai iya zama a ƙofar gidana ana kallonsa ba. Ba ke ya guje wa ba. Ni kuma har yau in aka mayar da ni wannan taron, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Kowannenmu ya riƙe gaskiyarsa, ke kika biya kuɗin.

Damina ta kai tsakiya, aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya faru ban gani da idona ba, Inna Rabi ce ta ba ni labari daga baya. Da la'asar ne, Yaya na masallaci. Katangar gabas ta jiƙe ta sha, ta kwanta a kan rumbu, su biyu suka zube da wata irin rugugi har ƙasa ta amsa. Yaran ba su tsaya tambaya ba. Babbar ta suri na goye, suka fita a guje hannu a ka, suka wuce har filin da ke bayan masallaci suka tsaya a tsakiya, kamar yadda aka koya musu. Matan maƙwabta ma suka fito. Ita ta ce ta ɗauki mayafi, ta bi bayansu da gudu, ta shiga zaure, tana kaiwa bakin ƙofa sai ta tsaya cik. Ta ce ba tunani ta yi ba, ba ta tuna hukunci ko rashinsa ba, ƙafafun ne kawai suka ƙi. Tana jin ƙasa na zubo mata a ka daga rufin zauren, tana hango yaran suna kiranta, tana tsaye. A haka Yaya ya iske ta da ya fito daga masallaci a guje, ba hula. Ya ce mata ke, hito. Ta fito. Zauren bai faɗi ba, amma da aka hau dubawa aka tarar azarar tsakiya ta ruɓe, ba a ƙara zama a cikinsa ba sai da aka sake rufin.

Ba wanda ya gaya mini a ranar. Bayan mako guda ina aji a Kalgo, muna kan darasin zagayawar jini, sai aka ce ina da baƙo. Na fito na gan shi zaune a benci a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da lemarsa a kan cinya. Bai taɓa taka makarantar da nake aiki ba sai ranar. Na durƙusa a ƙasa da alli a hannuna, na yi masa sannu da zuwa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, ba a haka muka taso ba. Ya tambayi lafiyar amarya, ya tambayi ko ɗakinta yana yoyo. Sannan ya dubi wilin motar da ke rataye a reshe ya daɗe yana kallo.

“Na hwaɗa mata,” ya ce. “Gaban ɗiyanta na hwaɗa. Ta ce ta ji. Amma ni na ga tsayuwar da tay yi, Hajara. Ji kaɗai bai isa ba. Yaushe za ku sake wanga gudun naku?”

Na ce duk ranar da ya ga dama. Muka shirya da hedimasta da mai unguwa da liman, aka ce wannan karon ba na makaranta kaɗai ba ne, na unguwa ne duka, da mata da tsofaffi. Aka zaɓi safiyar wata Asabar bayan ruwa ya ɗauke, aka ware wa mata gefen filin da ke da inuwa, aka ce maza su tsaya nesa. Yara su ne malamai, kowanne ya kwana yana yi wa uwarsa bita. Da aka buga wilin, unguwa ta motsa. Wasu matan na dariya suna rufe baki, wata tsohuwa ta fito da tukunyarta a ka aka yi ta mata tsiya, wata ta koma ɗauko akuya. Ni ina tsaye daura da ƙofar gidanmu, Yaya na 'yan taku kaɗan daga zaure, ya juya baya kamar ba ruwansa. Yaran gida suka fito suka wuce. Sai ga Inna Rabi da mayafinta, tana sauri, har na fara murna. Tana isowa bakin zaure ta tsaya.

Na ga tana kallon ƙafafunta, kunya da haushin kanta sun cika mata fuska. An ba ta izini, ta san an ba ta, ga mutane suna jira, amma ta kasa. Na ɗaga ƙafa zan je in kamo hannunta, sai Yaya ya juyo. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin da ya biyo baya ba sai na gaya muku. A gidajenmu namiji ba ya kama sunan matarsa ta fari, kunya ce da aka gada. Tun da aka yi aurensu ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai ke, ko mutanen gida, ko ya yi gyaran murya ta gane da ita ake. Ranar, ga liman, ga ɗalibansa, ga mai unguwa, ya buɗe baki da muryar da yake jan karatu.

“Rabi'atu. Taho.”

Ta ɗago ta dube shi, sannan ta ƙetare, ta bi ta gabansa ba ta sake tsayawa ba har cikin fili. Ya bi bayanta a hankali, kansa a ƙasa don kunya. Ni na jingina da bango ina hawaye, har wata ɗalibata ta zo ta ja ni, ta ce Malama an hana tsayawa jikin bango.

Da aka watse muka koma ciki, ta zuba mini fura ta zauna kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa, karon farko tun ranar taron. Ta daɗe tana juya ludayi ba ta sha ba. Can ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya don kada yara su ji.

“Hajara, ashe ya san sunana.”

Muka yi dariya har furar ta zube, sannan ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai yawa, ni kuma na bar ta ta yi.